Jinyar hantar karena Duna, da maganar ganyayyakin da ake zubawa cikin abincin kare

Masu kiwon kare a Katsina sun san yayin da ake ciki yanzu, kusan duk buhun abincin kare da za a kawo maka sai ka ga an rubuta wai akwai zogale a ciki, akwai kurkur, akwai citta da tafarnuwa, wani ma har da koren shayi, daga ƙasa kuma a ce maka yana wanke hanta yana ƙara garkuwar jiki. Mu kuma da muka tashi da jiƙo da tsimi a gidajenmu, da an ce mana abu ganye ne sai hankali ya kwanta. To ni na bi wannan hanya da karena tun daga ƙin cin abinci har zuwa lokacin da likita ya ce a tsaida magani, shi ya sa nake son in faɗi yadda aka yi daki-daki, don maganar ta fi ƙarfin a ce ganye na da kyau ko ganye ba shi da kyau.

Ina da 'yar gonar kaji a bayan gari ta hanyar Kaita, kuma duk wanda ke da dukiya a wajen gari a wannan zamanin ya san amfanin kare da dare. Karnuka biyu gare ni, Duna wanda ruwa biyu ne, uwarshi karyar gida ubanshi irin na 'yan sanda da ake ce ma Jaman Shefad, sai wata ƙaramar karya da ban daɗe da kawowa ba. Da can abincinsu ragowar tuwo ne da ƙanzo da kawunan kaji da ƙafafu in an yi yanka, wani lokaci dusa da romon ƙashi daga mahauta. Da aiki ya yi yawa sai na koma sayen haɗaɗɗen abinci na buhu wanda ake yi a nan gida, garin masara ne da tunkuza da garin kifi, sai waɗannan ganyayyaki da aka jera a jikin buhun. Sun daɗe suna ci lafiya lau. Buhun da ya kawo matsala shi ne wanda aka kawo cikin Agusta, ruwa na tsakiyar zuba.

Alamar farko ita ce Duna ya zo ya shinshina kwano ya juya. Kare ne da ba ya barin ko ɗigo, to yaron gona sai ya ɗauka tsirfa ce, ya riƙa zuba mashi romo a kai don ya ci, yana kuwa ci kaɗan-kaɗan. Daga nan sai amai, sai yawan kwanciya ƙarƙashin tankin ruwa, ko baƙo ya shigo sai dai ya ɗaga kai ya maida. Fitsarinshi ya koma ruwan goro. Da na buɗe mashi ido da yatsa sai na ga farin idon ya zama ruwan ɗorawa, na ɗaga leɓe na ga dasashi ma haka, cikin kunne da fatar ciki inda ba gashi duk sun canza. Shawara ce ƙarara, ko wanda bai taɓa kiwon kare ba zai gane.

Mai gadinmu dattijo ne, tsohon mafarauci, ya fi ni sanin kare nesa ba kusa ba. Ya ce mani, "Alhaji, a jiƙa mashi rai ɗore da ganyen bedi a ɗura mashi, mu da shi muke yi a daji." Na ce, "Baba, ban ƙi ta taka ba, amma bari likita ya fara ganin jininshi tukun, in ya ce a ba shi sai a ba shi." Bai ji haushi ba, shi ma ya taya ni ɗaure bakin karen da bandeji muka sa shi bayan mota.

Abin da ya burge ni da likitan dabbobin shi ne bai yi saurin ɗauko allura ba, tambayoyi ya fara jero mani. An yi ma karen rigakafin shekara, wanda ke kare su daga ciwon hanta mai yaɗuwa tsakanin karnuka da kuma cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera? Na ce an yi, ga kati. Akwai kaska a jikinshi? An sa maganin ɓera a gonar kwanan nan? Wani ya ba shi farasitamol? Wannan ta ƙarshe ya maimaita ta har sau biyu yana kallon yaron gona, ya ce mutane da yawa da sun ga kare ya yi laushi sai su jefa mashi maganin zazzabi na mutane, alhali shi kanshi yana lalata hantar kare in ya yi yawa. Sannan ya ce me yake ci, kuma a je a ɗauko buhun gaba ɗaya, ba ɗiba a leda ba.

Kafin a kawo buhun ya aske ɗan gashi a ƙafar gaba ya ɗebi jini, ya raba kwalabe biyu, ya kuma shafa ɗigo a kan gilashi ya duba a madubin likita. Ya ce a ƙasar nan in kare ya zo da shawara abin da ake fara zargi shi ne cutar kaska, wadda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, saboda ita ta fi yawa, kuma maganinta daban ne kwata-kwata da na ciwon hanta. Gilashin bai nuna komai ba, jinin jikinshi ma bai yi ƙasa sosai ba. Amma ni da idona na ga wurin da aka soka allurar ya ƙi tsayawa, an danna auduga an ɗaga jini na ta tsattsafowa, sai na ga fuskar Dakta ta canza. Ya ce hanta ce ke yin sinadaran da ke sa jini ya daskare, in ta gaza to haka ake gani. Da sakamakon lab ya fito, wani sinadari da ake ce ma ALT, wanda ke hawa a jini in hanta ta ji rauni, ya ninka iyakarshi sau da yawa, iyakar kuwa a kare wajen 100 zuwa 125 ce gwargwadon injin da aka yi aiki da shi, sinadarin da ke kawo shawara shi ma ya hau sama.

Da aka kawo buhun, sama-sama ba ka ganin komai, gari ne mai kyau har da ƙamshin citta. Dakta ya naɗe hannun riga ya zura hannu har ƙasa ya damƙo, sai ga shi ya dunƙule, da ɗan ɗumi, da wari irin na hunhuna wanda ƙamshin kayan yajin ya danne. Nan ya fara yi mani bayanin afulatoksin, gubar da wata hunhuna ke yi a jikin masara da gyaɗa, musamman in amfanin gona ya sha fari a gona sannan aka adana shi bai gama bushewa ba. Abu ukku ya ce in riƙe, dafuwa ba ta kashe ta, abinci na iya ɗauke da ita ko ba a ga hunhuna a ido ba, kuma kare na cikin dabbobin da ba su jure mata ko kaɗan. Wani abokina da ke haɗa abincin kaji yana da tsinken gwajin gaggawa na gano wannan guba, na kai mashi ɗiba daga ƙasan buhu, ya nuna ta wuce kashi 20 cikin biliyan, wanda shi ne iyakar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa ma abincin karnuka.

Daga baya na zauna na karanta a kanta sosai, ashe tsohuwar matsala ce. A 1960 aka fara gano ta a Ingila bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A Kenya a 2004 mutane 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu. A Amurka ma da duk tsaurin dokarsu, ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 an janye abincin kare na wani kamfani daga kasuwa bayan rahoton mutuwar karnuka fiye da 100. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne masarar nan da gyaɗar nan su ne dai muke ci mu da ɗiyanmu, tuwo da ƙuli-ƙuli da yajin tsire, kuma an tabbatar in gubar ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin kansar hanta na ƙaruwa sosai. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani abu Aflasafe da ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure don rage ta, ina fatan manomanmu na Funtuwa da Bakori da Dandume da ke ciyar da mu masara su rungume shi.

To a nan ne na yi ma Dakta tambayar da ta fi damuna. Na ce, "Dakta, to ai buhun nan an ce akwai zogale da kurkur masu kare hanta, ya aka yi ba su kare shi ba?" Ya ce, "Alhaji, ɗan garin ganye ba ya hana guba aiki, kuma ni damuwata ma ita ce babu inda aka rubuta nawa aka zuba na kowane." Wannan maganar ta adadi ita ce ginshiƙin komai, don hanta ita ce matatar jiki, duk abin da aka haɗiya ya bi ta hanji sai ya biya ta wurinta ta sarrafa shi, ganye ne ko ƙwaya ce ta kamis ba ta bambantawa. Hantar da ke fama da guba kuma ka ƙara mata tarkacen abubuwan da ba a auna ba, aiki ka ƙara mata.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Zogale ya ce ganyen abinci ne, ɗan kaɗan cikin abincin kare mai lafiya ba shi ne abin tsoro ba, amma yawancin binciken da ake kafa hujja da shi cewa yana kare hanta a jikin ɓeraye aka yi, ba a karnuka marasa lafiya ba. Kurkur kuma sinadarin da ke cikinshi hanji ba ya tsotsarshi sosai, shi ya sa masu haɗa ƙwayoyi ke ƙara mashi sinadarin masoro don ya shiga jini da yawa, kuma irin wannan mai ƙarfin ne aka samu yana taɓa hantar wasu mutane, har a 2019 hukumomin lafiya a Italiya suka janye wasu ƙwayoyin kurkur daga kasuwa. Kenan ɗan kurkur na girki daban, wanda aka tace aka ƙara ma ƙarfi daban. Tafarnuwa da albasa kuwa ya ce sam bai ga dalilin sa su a abincin kare ba, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare in sun taru, ɗanye ne ko dafaffe ko gari, kuma wannan ma na iya kawo shawara ya rikita likita ya rasa daga ina matsalar take. Nan na tuna da ragowar miya da dafa-duka da ake juye ma karnuka a gidaje da yawa, duk cike da albasa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne koren shayi. An yi wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2009, aka riƙa ba karnuka tataccen sinadarin koren shayi ba su ci komai ba, suka yi ta rashin lafiya wasu suka mutu har aka tsaida gwajin kafin lokacinshi, waɗanda aka ba bayan sun ci abinci kuma abin bai yi masu tsanani haka ba. Abu ɗaya, daga ganye ɗaya, amma yawan da aka bayar da yanayin cikin dabba suka raba rai da mutuwa. Haka wani zaƙi da ake ce ma zailitol, wanda daga tsirrai ake samo shi ana sa shi a cingam marar suga da wasu man goge baki, mutum ya ci lafiya lau, kare ya ci sugan jininshi ya faɗi hantarshi ta lalace.

Na kawo mashi maganar rai ɗore da Baba ya ce. Bai raina ba, ya ce mutanenmu sun daɗe suna amfani da ganyen, amma 'ya'yan rai ɗore guba ne sananne, suna lalata hanta da tsoka a shanu da kaji in sun gauraya da abinci, a arewacin Indiya ma an samu yara da suka mutu bayan cin su. Kare da hantarshi ta riga ta kumbura jininshi ba ya daskarewa ba shi ne wurin gwada jiƙon da ba a san ƙarfinshi ba. Da na koma na faɗa ma Baba sai ya yi shiru, can ya ce lallai su ma a daji ba duk wanda aka ɗura mawa ke tashi ba.

Wani zai ɗauka daga nan Dakta ya rufe ƙofar duk abin da ya fito daga tsiro, a'a, cikin magungunan da ya rubuta akwai silimarin, kuma shi ma daga 'ya'yan wata ƙaya ake tatso shi, mai fure ruwan shuni da ke fitowa a ƙasashen gaɓar tekun Bahar Rum. Bambancin shi ne an auna shi, an san nawa ke cikin ƙwaya ɗaya, ana bayarwa gwargwadon nauyin kare, kuma an gwada shi a jikin karnuka. A 1984 an yi gwaji da karnukan da aka ba wata lemar kwaɗi mai guba da ke kashe hanta, waɗanda aka yi ma allurar babban sinadarin silimarin suka tsira, har yanzu ma a Turai ana amfani da allurar ga mutanen da suka ci irin wannan lemar kwaɗi. A 2011 kuma an gwada ƙwayar Denamarin, wadda ta haɗa wannan sinadari da wani da ake ce ma SAMe, a karnuka masu shan maganin kansa mai taɓa hanta, aka ga lambobin hantarsu ba su hau kamar na waɗanda ba a ba ba. Duk da haka sai da ya ja mani kunne, ya ce afulatoksin ba ta da makari, silimarin ɗan taimako ne kawai yake ba hanta yayin da take gyara kanta, babban magani shi ne an raba kare da buhun.

Jinyar farko a asibiti aka yi ta, ƙarin ruwa, allurar tsaida amai, allurar bitamin K saboda jinin, da maganin kare ciki daga gyambo. Wallahi akwai daren da na fidda rai, kashinshi ya yi baƙi, ko tsayuwa ba ya iyawa. Akwai wanda ya ce mani duk wannan kashe kuɗi a kan kare, na ce mashi dabbar da ke kwana a farke tana tsare mani dukiya amana ce a wuyana, kuma mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta mawa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dakta ya ce in ciki ya fara tara ruwa ko lambobin suka ƙi sauka sai mu wuce asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya a yi mashi hoton ciki, Allah ya taimaka abin bai kai nan ba.

Da amai ya tsaya muka dawo gida da ƙwayoyi, a nan ne aikin ya dawo hannuna. Ƙwayar hantar da sassafe ake ba shi ciki ba komai, a jira kamar awa ɗaya kafin abinci, kuma ba a fasa ta ba a daka ta don rufin da ke jikinta shi ke kare ta har ta isa hanji. Baba ne ya koya mani yadda ake yi, ka kama muƙamuƙin sama ta bayan fiƙa, ka ɗaga kai, ka tura ƙwayar can ƙarshen harshe, ka rufe baki ka shafa maƙogwaro, in ya lashi hanci to ta wuce. Abinci kuma kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, farar shinkafa da dankalin Hausa da dafaffen ƙwai da tsokar kaza marar kitse, wani lokaci awara wadda ba a soya ba, ba gishiri ba magi ba albasa. Na ɗauka za a hana shi nama gaba ɗaya, Dakta ya ce a'a, hanta na buƙatar abinci mai gina jiki don ta gyaru, sai dai in kare ya fara alamun ruɗewa kamar zagaye ko jingina kai da bango sannan ake ragewa. Hantar shanu da ta rago kuwa ya ce a dakata da su saboda yawan sinadarin tagulla da ke ciki. Masara da gyaɗa da duk abin da aka yi da su, an rufe babinsu har sai ya warke.

Ƙaramar karyar ita ma sai da aka ɗebi jininta duk da tana ta tsalle-tsallenta, tunda kwano ɗaya suke ci, aka kuwa samu nata ALT ɗin ya hau, bai dai kai na Duna ba. Ita canjin abinci da ƙwayar kawai aka yi mata. Na koma wurin wanda ya saida mani buhun na nuna mashi sakamakon gwaji, ban je da faɗa ba, na dai roƙe shi ya faɗa ma sauran waɗanda suka sayi wannan zubin. Ya ce ai ganyayyakin da ke ciki suna kashe duk wata guba, na ce mashi ga kare can kwance ya je ya gani.

A hankali ruwan ɗorawar ya fara washewa daga ido, sannan dasashi, fitsari ya dawo daidai, ya fara haushi in an taɓa ƙofa. Mun koma gwaji, lambar ta sauka amma ba ta kai gida ba, aka ci gaba da ƙwaya, da aka sake gwadawa ta dawo cikin iyaka sai Dakta ya ce a tsaida silimarin ɗin. Na tambaya ko in ci gaba da ba shi don rigakafi, ya ce babu buƙata, lafiyayyar hanta abinci mai tsafta take so, sai dai mu dawo gwaji nan da 'yan watanni don irin wannan guba takan bar tabo. Yanzu ni nake haɗa masu abinci, masarar da na tsince da kaina na fidda duk ƙwayar da ta canza launi ko ƙwaro ya huda, ina sayen kaɗan wanda zai ƙare da wuri, buhu kuma bisa katako yake ba ya taɓa ƙasa ko bango.

Sauran gurɓataccen buhun yaron gona ya so a zuba ma awaki kada a yi asara, Dakta ya hana, ya ce gubar na fita cikin nonon dabbar da ta ci, kaji ma tana rage masu ƙwai tana taɓa tasu hantar. Rami muka haƙa mai zurfi a ƙarshen gona nesa da rijiya muka juye shi muka binne, muka ɗora duwatsu don kada karnukan su tone. Tunkuzar da ke cikin sito ta abincin kaji ita ma na kai an gwada, zubi ɗaya ya faɗi gwajin, shi ma ramin ya bi.